Kafin ka biya kuɗin taswirar tafki, bincika wanda ya auna ruwan

Ƙanena, ka ce tun da ka koma jihar Minnesota ta Amurka ka samu wani tsohon ƙaramin jirgi da araha, kuma abokan fatsarka sun dame ka da cewa duk wanda ba shi da manhajar taswirar tafki a wayarsa wahalar banza yake yi. Kana so ka san ko kuɗin da ake biya duk shekara yana fitowa, ko kuwa dabarar 'yan kasuwa ce kawai. Ka kuma ƙara da tambaya ta biyu: in ka biya wa kawunka da ke su a Yauri, za ta amfane shi?

Aikina auna zurfin ruwa ne, fatsa kuma ita ce hutuna, don haka ta ɓangaren ma'auni zan amsa maka. Akwai tafkin da in ka shiga da wannan manhaja sai ka ga kuɗin ya yi kaɗan. Akwai kuma tafkin da ko sisi ka biya dominsa ka yi asara. Manhaja ɗaya ce, a waya ɗaya. Abin da ya raba su shi ne wanda ya auna ƙasan wannan tafkin da kake shiga, da abin da ya auna da shi, da shekarar da ya auna. Kamfanonin ba sa ɗora wannan bayani a gaban talla, amma kana iya gano shi da kanka kafin ka ciro katin banki.

Abin da kake saya layuka ne. Ka tuna kududdufin bayan gari in rani ya kama, yadda ruwa ke janyewa yana barin zobe a jikin laka, zobe na bin zobe har tsakiya. To layukan zurfi ke nan. Kowane layi yana nuna inda bakin ruwa zai tsaya da tafkin zai ragu da ƙafa kaza. Inda layukan suka matse juna, ƙasa ta zurma ke nan lokaci ɗaya. Inda suka ware, fili ne shimfiɗaɗɗe. Inda suka yi ƙawanya a tsakiyar ruwa, ko tudu ne ko rami, lambar da ke jikin layin ce za ta faɗa maka wanne ne.

Wannan yana da daraja ne saboda kifi ba ya bazuwa a tafki daidai wa daida. Wani mai fatsa mutumin North Carolina, Buck Perry, ya kwashe shekaru tun wajen 1950 yana cusa wa Amurkawa wannan karatu: babban kifi a ruwa mai zurfi yake zaune, in zai fito kiwo kuma hanya yake bi, ta ƙashin tudu, ta bakin gangare, ta inda tsakuwa ta haɗu da taɓo. Mafi yawan faɗin tafki a kowace sa'a wayam yake. Mai jirgin da ba ya ganin siffar ƙasa yana iya wuni yana jan koto a kan wannan wayam ɗin, alhali taku kaɗan daga gefensa akwai gangaren da kifi ya jeru.

Ɗauki tafkin Mille Lacs, tunda ba za ka daɗe a jihar nan ba sai an ja ka can. Faɗinsa ya kai eka 132,000, amma inda ya fi zurfi bai wuce ƙafa 42 ba. In ka yi nisa da gaɓa, ruwa ne kawai gabas da yamma, ba bishiya ba dutse da za ka yi alama da su. A can tsakiya akwai tuddan taɓo da samansu ke wajen ƙafa 25, gefensu kuma ya gangara ya wuce ƙafa 30. A bakin wannan 'yar tazarar wolai ke zama da bazara, wato kifin nan mai ƙyallin ido da jihar ta ɗauka tambarinta. In ba ka da taswira, sai ka ƙone rabin tankinka kana lalube. In kana da ita, kai tsaye za ka nufi kusurwar tudun da iska ke bugawa. A irin wannan ruwa, man da za ka adana a fita biyu ko uku ya biya kuɗin shekara. Yanzu ka haura arewa zuwa Upper Red Lake. Shi ma ƙato ne, shi ma wolai ne, amma ƙasansa kusan bai ɗaya yake, zurfinsa bai kai ƙafa 20 ba. Taswira mafi tsada a duniya ba ta da wani dogon labari da za ta ba ka a can, don ƙasan ba ta da abin ɓoyewa.

Girman tafki da siffarsa ke nan, kuma wannan kowa na iya fahimta. Inda mutane ke cutuwa shi ne asalin layukan kansu.

Layukan da kake gani a waya daga wurare uku suke fitowa, kuma a fuskar waya duk kamarsu ɗaya. Na farko tsofaffin taswirorin hukuma ne. Ma'aikatar albarkatun ƙasa ta jihar, wadda kowa ke kira DNR, ta auna dubban tafkuna tun shekaru da yawa da suka wuce, tun kafin a san GPS. Ma'aikata kan ratsa tafki a miƙe daga wannan gaɓa zuwa waccan, suna ɗaukar zurfi a hanya da igiya mai dalma ko na'urar sona ta farko-farko, wato mai auna zurfi da sauti, sannan a koma ofis a zana layuka da hannu, galibi tazarar ƙafa 5 tsakanin layi da layi. Aiki ne na gaskiya, kuma ya wadatar da abin da aka yi shi dominsa, wato sanin yawan ruwa da irin kifin da za a zuba. Ba a yi shi don ya nuna maka tarin duwatsu mai faɗin ɗaki ba.

Matsalar ita ce kwamfuta tana iya ɗaukar wannan tsohon zane ta cike tsakanin layin ƙafa 10 da na ƙafa 15 da sababbin layuka huɗu, ta jera su tsaf, sai ka ga taswira mai layi a kowace ƙafa ɗaya. Ido zai ce an yi aiki. Alhali ba a ƙara ko awo ɗaya ba, kintace ne aka yi wa ado. Ko da na'urar zamani ma, ka san iyakar abin da take gani. Sona ta yau da kullum tana harba sauti ƙasa a buɗe kamar digiri 20, don haka da'irar da take taɓawa a ƙasa faɗinta kusan kashi ɗaya cikin uku na zurfin ne. A ƙafa 30, wajen ƙafa 10 kawai take gani. In jirgin awo ya bar tazarar ƙafa 300 tsakanin ratsawa da ratsawa, lissafa ka ga abin da aka gani da abin da aka kintata. Tudun da ya faɗa tsakanin ratsawa biyu ba zai taɓa bayyana ba, komai kyan launin taswirar.

Na biyu, awon da kamfani ya tura jirginsa ya yi, ana ratsawa kusa da kusa da GPS mai kyau, ana gyara lissafi da tsayin ruwan ranar. Wannan ne ya cancanci kuɗi. LakeMaster, wanda a nan jihar aka fara shi a garin Little Falls kafin kamfanin Johnson Outdoors mai na'urorin sona na Humminbird ya saye shi a 2011, da irin wannan aiki ya yi suna, shi ya sa tsofaffin masu fatsa a nan suke rantsuwa da shi. Amma ko a jerin tafkunansu za ka ga sun ware waɗanda suka auna da kansu da alama ta daban. Sauran, tsohon zanen nan ne. Minnesota na da tafki 11,842 masu faɗin eka 10 zuwa sama. Ba kamfanin da ya bi su duka da jirgi.

Na uku, abin da masu jirage ke turawa. Kana tafiya na'urarka na rubuta zurfi da wuri, ka dawo gida ka tura, kamfani ya haɗa da na wasu. Haka SonarChart na Navionics ke ƙaruwa, haka taswirar jama'a ta C-MAP Genesis, haka Quickdraw na Garmin. A tafkin da jirage ke yawan shiga, irin su Minnetonka, wannan hanya na fitar da taswira mai ban mamaki, don kusan kowane lungu wani ya bi ta kansa. A tafkin da mutum uku kawai suka turo, sai addu'a. Wannan bai gaya wa na'urarsa cewa kanta na nutse ƙafa ɗaya a ƙarƙashin ruwa ba. Wancan ya auna a watan Mayu ruwa na cike, ɗayan ya auna a Satumba bayan fari. Wani ya bi ta kan ciyawa mai kauri, na'urar ta ɗauki saman ciyawar a matsayin ƙasa, sai ga tudun ƙarya a taswira wanda zai ɓace da kansa in ciyawar ta mutu. Wani kuma gudu yake yi, kumfa ta rufe kan na'urar, ta yi ta rubuta shirme.

Da ɗan sabo, ido na gane su. In layuka sun bi siffar gaɓa sumul, zobe cikin zobe ba ko lanƙwasa, tsohon zane ne aka cike. In ka ga ƙananan ƙawanya sun jeru a miƙe ɗaya bayan ɗaya, ko gefen layuka ya yi haƙora, sawun jirgi ɗaya ne da bai dace da na sauran ba. Ƙasar da aka auna da kyau ba ta da tsari irin na zane: nan ta kutsa, can ta ja baya, ga wani ɗan hanci da ya fito ba dalili.

Kada ka yi cinikin biri a sama. Garmin na da shafin da ake duba taswirarsa kyauta, C-MAP Genesis ma haka, kuma yawancin manhajojin suna ba da 'yan kwanakin gwaji. Zaɓi tafkin da ka fi shiga, ka je da na'urar jirginka, in babu kuma ka ɗaura dalma a igiya ka yi mata ƙulli a kowace ƙafa. Auna a wurare biyar ko shida, kuma ka zaɓi bakin gangare da saman tudu, don a fili ko taswirar banza ma takan dace. Sai ka dubi yadda kuskuren yake. In ko'ina ka auna taswira ta fi ka da ƙafa 2, taswirar lafiyarta lau, ruwa ne ya sauka, sai ka riƙa ragewa. In nan ta fi ka da 3, can ta gaza ka da 4, gaba kuma tudun da ta zana babu shi, to wannan ba a auna ta ba. Rufe ta ka riƙe kuɗinka, ko ka gwada ta wani kamfanin, don sau da yawa tafkin da wannan ya yi wa aikin kirki wancan bai taɓa zuwa ba.

Maganar tsayin ruwa a tafkunan Minnesota da sauƙi, ƙafa ɗaya ko biyu suke motsawa, sai a shekarar fari irin 2021. A dam ne abin ke da nauyi. Kentucky Lake, wanda aka kammala madatsarsa a 1944, ana riƙe shi a ƙafa 359 sama da teku da bazara, a sauke shi zuwa 354 da hunturu. Ƙafa 5 ke nan duk shekara, da gangan. Lake Mead kuwa a 2022 ya sauka matakin da ba a gani ba tun da aka cika shi a shekarun 1930, wuraren da taswira ke cewa ruwa ne suka zama hamada. Taswira na lissafi ne daga cikar ruwa. Shi ya sa in za ka riƙa zuwa dam, nemi wadda ke ba ka damar shigar da yawan ƙafar da ruwa ya sauka ta gyara dukkan layukan, kamar yadda LakeMaster ke yi. Ba don kifi kaɗai ba, don farfelarka ma. A irin waɗannan dam-dam ɗin ne kuma taswira mai kyau ke nuna bajinta, don a ƙasa akwai tsohuwar hanyar kogi, da tsofaffin tituna, da gindin gadoji, kuma kifin da ake kira bas a bakinsu yake taruwa lokacin zafi.

Kuɗi kuma fa? Manhajar Navionics ta Amurka da Kanada tana wajen dala 50 a shekara, kusan ninki biyu na lasisin fatsa na ɗan jiha. Kamfanin Italiya ne tun 1984, Garmin ya saye shi a 2017, kuma a 'yan shekarun nan farashin ya yi tsalle. Abin da ya fi ɓata wa tsofaffin masu amfani da ita rai ma ba farashin ba ne. A da in wa'adinka ya ƙare, taswirar da ka sauke tana nan, sabuntawa ce kawai ke tsayawa. Yanzu in ba ka sake biya ba, rufewa take yi. Haya kake yi ke nan. Katin memori da ake sa wa na'urar jirgi kuwa, irin na LakeMaster, yana tsakanin dala 150 da 200, amma naka ne, kuma ƙasan tafkin da ba dam ba ba ya sauya siffa a shekara biyar. In kana da na'ura a jirgi kuma za ka daɗe a yankin, katin ya fi araha a ƙarshe. Sai dai ka duba sunan na'urarka tukuna: katin LakeMaster Humminbird kaɗai yake ci, C-MAP ɗan gidan Lowrance da Simrad ne, waɗanda kamfanin Brunswick ya haɗa ya saya a 2021. Kasuwar ta koma hannun manyan gidaje uku, kowanne na so ka shiga shingensa ka zauna. In kuwa manhajar ka zaɓa, ranar da ka biya ka shiga ka kashe sabuntawa ta kai tsaye, in shekara ta zagayo ka yanke shawara da kanka.

Waya ma tana da iyakarta. A fili ba abin da ya tare sama, GPS ɗinta na iya kauce wa gaskiya da kamar mita 5. Wannan ya isa ya kai ka bakin tudu, bai isa ya ɗora ka a kan dutse ɗaya ba, ƙarashen aikin na sona ne ko igiyar dalma. GPS ba ya bukatar sabis, amma taswirar na bukata, don haka sauke ta tun kana gida, arewacin jihar akwai wurare da yawa da ba layi. In iPad za ka ɗauka, wanda ba ya cin layin waya ba shi da GPS a cikinsa, mutane da yawa sai a tsakiyar ruwa suke gano haka. Rana kuma na kashe hasken fuska, sanyi na shanye batir.

Duk da haka, akwai lokacin da ba na jayayya da kowa a kan wannan manhaja, wato hunturu. Ba ka ga hunturun farko a kan tafki ba tukuna, za ka gani. Ruwa ya daskare, fari fat har iyakar gani, kuma ba ka da hanyar sanin abin da ke ƙarƙashinka sai ka huda ƙanƙara. Kowane rami gumi ne, ga iska na yankan fuska. Mai waya a aljihu zai taka har bakin gangaren, ya huda ramuka uku ko huɗu ya dace. Wanda ba shi da ita zai huda ishirin yana neman abin da wancan ya gani tun yana cikin mota. A nan ba jirgi ba na'urar jirgi, wayar ce kaɗai taswirarka. Sai dai ka riƙe wannan da kyau: ba layi ko ɗaya a ciki da ke faɗa maka kaurin ƙanƙara. DNR na cewa sai sabuwar ƙanƙara garai-garai ta kai inci 4 kafin mutum ya taka da ƙafa. Kuma wuraren da taswira ke sa ka kwaɗayi, mashigi tsakanin tsibiri da gaɓa, saman tudu, bakin rafi, su ne inda ruwa ke motsi a ƙasa ƙanƙara ta yi sirara. Sa wayar a aljihun ciki kusa da jiki, ka riƙa gwada ƙanƙarar da ƙarfe kana tafiya.

Kafin ma ka kai ga biya, akwai abin da harajinka ya riga ya saya maka. LakeFinder na DNR kyauta ne, yana da bayanin tafkuna da koguna fiye da 4,500: taswirar zurfi, sakamakon ragar gwaji da ke nuna irin kifin da ke ciki da girmansu, shekarun da aka zuba 'ya'yan kifi, hasken ruwa, wurin sauke jirgi, da dokokin da suka keɓanta da tafkin. Ni a ganina wannan ya fi layukan zurfi muhimmanci ga sabon shiga, don zaɓen tafkin ya riga zaɓen wuri a cikin tafkin. Me za ka yi da taswira mai kyau ta ruwan da ba wolai a ciki? Ga dam kuma, hukumar safiyo ta Amurka, USGS, ta sa tsofaffin taswirorinta a intanet kyauta, har da waɗanda aka zana kafin a tare kogin. Google Earth na da hotunan shekarun baya, ka nemo shekarar fari ka ga duwatsu da kututture tsirara. Sannan yawancin na'urorin jirgi na yanzu suna zana taswira da kansu kana tafiya, Garmin da Quickdraw, Lowrance da Genesis Live, Humminbird da AutoChart Live. A ƙaramin tafki, 'yan yammaci kaɗan kana ratsawa a hankali sun isa ka mallaki taswirar da ta fi ta sayarwa.

Fishbrain da ire-irensa wani kaya ne daban, kada ka haɗa su. Wannan kamfanin Suwidin ne, kuma babban abin da yake sayarwa shi ne wuraren da wasu suka ce sun kama kifi, da hasashen sa'ar da kifi zai ci. Don sanin irin kifin da ke wani ruwa da irin koton da ake sa masa, na kyautar ya isa. Biya don ganin ainihin wurin kuwa, ban ga dalili ba. Wanda ya san gurbin kirki ba ya tallarsa. Wani sai ya dawo wurin ajiye mota yake ɗora hoton, alamar ta faɗa can. Wani da gangan yake kautar da ita. Wadda ta zama gaskiya kuma, kifin watan Mayu ne, kai kuma ka zo a Agusta.

Wannan na watan Agusta ya shafi taswirar zurfi ma. Da bazara ruwan tafki mai zurfi kan rabu, na sama da ɗumi na ƙasa da sanyi, kuma a tafki mai yawan taki na ƙasan kan rasa iskar oksijin. Ramin nan mai ƙafa 50 da ya burge ka a waya yana iya zama ba kifi ko ɗaya a cikinsa har sai kaka ta gauraya ruwan. Bakin ciyawa na matsawa kowace shekara, ƙananan kifin da ake farauta suna bin iska. Duk wannan ba ya cikin layuka. Kuma ka tuna tudun da ya fito ɓaro-ɓaro a wayarka ya fito a wayar kowa. Ranar buɗe kamun wolai a watan Mayu za ka tarar da jirage sun yi masa rumfa. Ribar yanzu tana wurin ɗan abin da taswira ta tsallake, wanda ka gano da na'urarka ka yi shiru.

Kai da ke da jirgi, sabon zuwa, kana son zaga tafkuna daban-daban, ga hunturu na tafe, ka biya shekara ɗaya bayan ka yi gwajin da na faɗa. Rashin sanin ruwa ne babban cikas ɗinka yanzu, kuma shi wannan kuɗi ke ragewa. Da a gaɓa kake tsayawa, da na ce kada ka biya, don tudun da ke nisan mil ɗaya ba ruwanka da shi. Da a kogi mai yashi kake, nan ma haka, ambaliya ɗaya na sauya ƙasan. In kuma bayan shekara ka ga tafki biyu kaɗai kake komawa, ka riga ka haddace su, bar ta ta mutu.

Saura kawu. Kada ka biya masa. Kamfanonin nan suna tura jiragen awo ne inda masu saye suke, Amurka da Kanada da Turai da Ostareliya, kuma taswirar jama'a ba ta tsirowa sai inda jirage masu sona suka yi yawa. Buɗe shafin kyautar ka matsa kan Kainji, tafkin da Yauri ke bakinsa, ko Tiga, ko Shiroro, ka gani da idonka. Ko da a ce wani ya auna, Kainji ba Mille Lacs ba ne. Tun da aka kammala madatsar a 1968, ruwan kan hau ya sauka kamar mita 10 a shekara, ba ƙafa ba, mita. Cika biyu yake samu, ta ruwan damina mai laka, sannan wadda ke tasowa tun daga tsaunukan Gini ta ratso Mali ta iso da hunturu. Wurin da ake kafa raga a Janairu ana iya noma shi a Yuni. Taswirar da ba a gyara ta da tsayin ruwan ranar ba, a can ruɗu ce.

Sannan mai kalli da mamari ba irin bukatar mai fatsar nishaɗi gare shi ba. Sarkawa da sauran masuntan wannan yanki sun gaji sanin tsohuwar hanyar Kwara tun kafin ruwa ya haɗiye tsohuwar Busa da tsibirin Foge. Sun san gurbin giwan ruwa, sun san inda ƙarfasa ke haƙa, sun san watan da tarwaɗa ke bin ciyawa. Da ɗan gari akan ci gari, kuma kawunka ɗan garin ne. Dala 50 a canjin yanzu ta haura naira 60,000, kuɗin da zai saya masa rigunan kariya daga nutsewa, shi da yaran jirginsa, har a samu canji.

Abin da waya za ta yi masa na gaske ba ya bukatar biyan kowa. Akwai manhajojin GPS na kyauta da ke ajiye alamar wuri ba tare da data ba. Ya sa alama inda ya zuba raga, don ya same ta da asuba ko hazo ya rufe gaɓa. Ya sa alamar mashigar gida. Mafi amfani duka, wajen Yuli da Agusta, lokacin da ruwa ya kai ƙarshen saukarsa kututturan bishiyoyin da dam ya cinye suka fito fili, ya bi hanyar da ya saba bi ya sa wa kowanne alama. In ruwa ya dawo ya rufe su, su ne ke fasa jirgi da yaga raga. Ka gaya masa ya riƙa ba kowace alama tazarar tsawon jirgi ɗaya ko biyu in zai wuce, saboda kaucewar GPS da na faɗa maka. In za ka aika masa da wani abu, aika jakar roba mai hana ruwa shiga wadda ake ratayawa a wuya, da ƙaramin batirin caji.